Kan jirgin da ya haura shekara 40: in bar ’yata ta ci gaba da hawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni makanikin manyan motoci ne a Agege, nan Legas, na daɗe ina kwance injin gas ina ɗaurawa. ’Yata tana karatu a Yaba, kuma tun da aka fara jigila a layin dogo na Red Line jirgin ƙasan take bi safe da yamma, don ya raba ta da cunkoson hanya. Makon jiya aka turo wa mahaifiyarta wata murya a WhatsApp, wani mutum yana rantse-rantse cewa kawunan jirgin gwanjo ne da Turawan Ingila suka zubar, sun haura shekara 40, aka shafa musu jan fenti aka kawo mana. Wai ko yau ko gobe birki zai tsinke, ko injin ya fashe da mutane. Tun ranar uwar ta hana ta hawa. Yarinya ta koma bin danfo, tana fita da duhun asuba, ba ta shigowa sai bayan isha, ga jarrabawa ta matso. Ni kuma na san ’yar Kwatano, na san abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sabon fenti, shi ya sa na kasa ƙaryata maganar da ƙarfin gwiwa. Da gaske tsofaffi ne? In da gaske ne, wane irin mutum ne zai zuba ’ya’yan jama’a a bayan injin da ya girmi iyayen wasunsu? Don Allah a fitar da ni duhu, gidan ba daɗi.

Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Ka mayar da yarinyar jirgi, ka kuma ba Hajiya haƙuri. In dai maganar rai ake yi, zirga-zirgar danfo tsakanin Agege da Yaba cikin duhu ta fi zama abin fargaba a kan tafiyar jirgin nan nesa ba kusa ba. Mai muryar ya faɗi gaskiya guda: tsofaffi ne. Cikin jiragen da aka kawo wa layin akwai kawunan da aka ƙera a Ingila tsakanin 1975 da 1982. Sauran zancensa, na tsinkewar birki da fashewar inji, ƙanzon kurege ne, irin na mutumin da bai taɓa leƙa ƙarƙashin jirgi ba amma Allah ya hore masa data da bakin rantsuwa.

Abin da bai sani ba shi ne, jigilar ’yan aiki daga unguwannin bayan gari zuwa cikin birni, da tsofaffin kawuna aka saba yin ta, har a ƙasashen da suke ƙera su da hannunsu. Sabon kai dogon zango ake ba shi, inda tikiti ke da tsada kuma kamfani ke son nuna isa. In ya yi shekara 15 ko 20 aka kawo wanda ya fi shi, sai a sauko da shi layin ’yan aiki. Lissafi ne kawai. Jirgin ’yan aiki yana cika maƙil awa biyu ko uku da safe, haka da yamma, sauran yinin rabinsa a ajiye yake, kuɗin tikiti kuma ba ya biyan ɗawainiyarsa. Wanda ya zuba miliyoyin daloli a sabon kai don ya yi wannan ɗan aikin, ya yi asara. Sannan kan da ba ya wuce kilomita 30 ko 60 daga gida, kullum a loko, wato garejin jiragen ƙasa, yake kwana, a gaban makanikinsa. Ba inda tsohon inji ya fi dacewa da zama kamar nan.

Amurka ta fi kowa wannan ɗabi’ar. Kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya mallaki kawunan lantarki ƙirar GG1 guda 139, waɗanda aka ƙera daga 1934 zuwa 1943 don manyan jiragen New York da Washington. Na ƙarshensu ’yan aikin da ke zaune a jihar New Jersey suke ja zuwa aiki, har watan Oktoba na 1983. Ka lura da abin da ya kawo ƙarshensu, don zai yi maka amfani: firam ɗinsu ne ya fara tsagewa, ga kuma man da ke cikin taransifomarsu da aka gano guba ne. Kawunan FL9 guda 60 da aka yi wa kamfanin New Haven daga 1956 zuwa 1960, masu iya kashe injin gas su koma lantarki don shiga tashar Grand Central ta ƙarƙashin ƙasa, wasunsu sun yi ta ɗaukar fasinja har 2009. A Shikago, kawunan E9 na shekarun 1950 da suka gama yayinsu a dogon zango, an sake gina su a shekarun 1970, suka riƙe layin Shikago zuwa Aurora har 1992. Akwai kuma GP40P guda 13 da aka kawo New Jersey a 1968, aka yi musu babban gyara a farkon shekarun 1990, wasunsu suka haura shekara 50 suna jan fasinja. Maimakon a ɓoye su, ɗaya ma sai aka mayar masa da fentin kamfaninsa na asali don alfahari.

Wanda ya fi dacewa ka sani shi ne F40PH, don shi ne jakin wannan sana’a. Kamfanin EMD mai ƙera kawunan jirgi ya fara ƙera shi a 1976 saboda Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na dogon zango a Amurka, da inji mai silinda 16 da ƙarfin doki 3,000. Hukumar sufurin yankin Shikago ta fara sayensa a 1977. Amtrak ta gama da nata a farkon shekarun 2000, amma Metra, mai jigilar ’yan aikin Shikago, ta riƙe nata sama da 100 tana sake gina su zagaye bayan zagaye. Kan nan yana da wata ɗabi’a da za ta sa mai muryarku ya suma. Injin da ke jan jirgin shi ne kuma ke juya janaretan da ke ba taragai wuta da sanyi da ɗumi, wutar kuma ba ta son canjin gudu, don haka dole injin ya tsaya a wajen juyi 900 a minti ko da jirgin yana tsaye cak a tasha. Ka tsaya kusa da shi, ƙasa na rawa a ƙarƙashin takalminka, ba ka jin maganar na kusa da kai, har ma’aikata suka yi masa laƙabi da mai ihu. Baƙo zai rantse yanzu zai tarwatse. Lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi. Kuma da Metra ta tashi ƙara kawuna a 2019, me ta yi? Ta amince a sayo tsofaffin kawunan dakon kaya 15 ƙirar SD70MAC, a sake gina su, a ba su fasinja. Shikago ke nan, garin da masana’antar EMD ta daɗe a bayansa.

A nan kwatancenka na ’yar Kwatano ya karye, Malam. Mota ana yin ta ne ta yi shekarunta a yar. Kan jirgi ana yin sa ne a kwance shi a sake ɗaurawa sau uku ko huɗu a rayuwarsa. In lokacin babban gyara ya yi, ana tuɓe shi har sai firam ya rage tsirara, a bi shi da na’urar gano tsaga, a sauke ƙafafu da gatarinsu a auna, a sake naɗa wayoyin injinan lantarkin da ke juya ƙafafun, a zare tsofaffin wayoyin jiki gaba ɗaya a zuba sababbi. Injin EMD ɗin nan ma, kai da ka san wahalar sauke inji za ka yaba: kowace silinda ana zare ta ita kaɗai, da kanta da fistin ɗinta da hannunta, a zura sabuwa, injin yana zaune a mazauninsa. Bayan zagaye biyu na irin wannan, abin da ya rage na asali bai wuce firam da lambar da ke goshi ba. Shekarar da aka buga a jikin farantin ba ta gaya maka komai game da abin da ke ciki. Takardar gyara ce ke faɗa. A Amurka doka ta ce a duba kai kowace ranar da zai fita aiki, sannan a yi masa binciken tsaf duk bayan kwana 92, sai dai masu sabuwar kwamfuta da aka sassauta wa. Wannan ne ke riƙe rai, ba ranar haihuwa ba.

To mu dawo kan na ’yarka. Ƙirar InterCity 125 ce, wadda ta fara aiki ranar 4 ga Oktoba 1976 daga tashar Paddington ta Landan zuwa Bristol da kudancin Wales. An ƙera kawuna 197 a garin Crewe, kowanne da ƙarfin doki 2,250, ana sa ɗaya gaba ɗaya baya. Gudun aikinsu na yau da kullum kilomita 200 ne a awa, kuma a watan Nuwamba na 1987 ɗaya ya kai kilomita 238, gudun da har yau ake lissafa shi a matsayin bajintar jirgin gas a duniya. Injin Paxman Valenta da aka haife su da shi, daga 2005 aka fara sauke shi, mafi yawansu aka ɗora musu sabon inji na kamfanin MTU na Jamus. Wato injin da ake ce wa Hajiya ya haura 40, bai wuce rabin haka da yawa ba. Turawan kuma ba bola suka kai su ba. An sayi sababbin jirage masu amfani da lantarki, waɗannan suka rasa gurbi, sai aka sauko da wasu gajerun layuka a yammacin Ingila, wasu Sikotland, wasu aka sayar wa Meziko, wasu Legas.

Zancen birki kuwa, kai ma ka san amsarsa daga tirela. Birkin jirgi na iska ne, kuma an tsara shi tun zamanin Westinghouse, Ba’amurken da ya ƙirƙiro shi, a shekarun 1870, yadda in bututun iskar ya yanke ko tarago ya ɓalle, birki kamawa yake a duk jirgin, ba sakewa ba. Wannan ƙirar ma birkin faifai gare ta, don an yi ta ne ta tsaya daga gudun kilomita 200 a cikin tazarar da aka ware wa jirage masu gudun 160. A layin kilomita 27 mai tashoshi 8 daga Agbado zuwa Oyingbo, ko rabin abin da aka gina ta dominsa ba a tambayarta. Man gas kuma ba fetur ba ne, ba sai na gaya maka ba. Gobara tana yiwuwa in an bar mai yana ɗiga a ɗakin inji ƙazanta ta taru a kansa, amma wannan ko kan da aka sauke jiya daga jirgin ruwa aka yi wa haka, zai kama.

Ba zan ce maka tsufa ba shi da illa ba. Yana da ita, sai dai ba inda mai muryar ya nuna ba. Ranar 12 ga Agusta 2020 irin wannan jirgi ya kauce daga layi a Carmont, kusa da Stonehaven a Sikotland, mutum 3 suka rasu. Sanadin ba jirgin ba ne, magudanar ruwa ce da aka gina ba bisa tsari ba ta amayo tsakuwa kan layi bayan ruwan sama mai ƙarfi. Amma masu binciken sun ce da jirgin na ƙirar zamani ne, da wataƙila ɓarnar ba ta kai haka ba, don an ƙera shi kafin a kafa ƙa’idojin jure karo na yanzu. Wanda wannan ya fi shafa shi ne direba, da yake gaban ɗakinsa ba ƙarfe ne mai kauri ba. Sai hayaƙi. A 2010 jaridar Chicago Tribune ta auna iskar da fasinjojin Metra ke shaƙa a tasha da cikin taragai ta samu baƙin hayaƙi ya yi yawa, a 2012 kuma sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Sai zafi. An yi kawunan nan ne don sanyin Ingila. Da Ostareliya ta kwaikwayi ƙirar ta fito da jirginta na XPT a 1982, sai da ta rage ƙarfin injin zuwa doki 2,000, ta ƙarfafa sanyaya shi da tace iskarsa saboda zafi da ƙura. Duk mai riƙe su a Legas, idonsa ya kamata ya kasance a kan lagireto da matatar iska.

Babban abin da ke kashe tsohon kai a ƙasashenmu kuwa, takarda ce. A wani loko da na yi aiki, za ka rubuta buƙatar matatar mai da kuɗinta bai kai na taya ɗaya ta motar oga ba, takardar ta hau bene, ta sauko, ta koma don an manta hatimi, wanda zai sa hannu ya tafi taro, damina ta wuce. Kafin nan sai a ce a ciro ta jikin wancan kan da ke jiran gyara. Gobe a ciro famfonsa, jibi batir, kafin shekara ya zama kwarangwal ciyawa ta fito ta tagarsa. Daga nan sai wani ya tsaya gaban ’yan jarida ya ce ai dama tsoho ne, a ba da kwangilar sabo. Sabon ma haka za a yi masa. Ko a Peru an ga makamancin haka ta wata fuskar: da Caltrain, mai jigilar ’yan aiki a Kalifoniya, ta koma lantarki a watan Satumba na 2024, ta sayar wa birnin Lima kawunan F40PH guda 19 da taragai 90, suka iso, sai gardama ta kaure tsakanin magajin gari da ma’aikatar sufuri kan cewa layin bai da tashoshi da shinge da tsararrun mahaɗu da zai ɗauki fasinja. In kuna son tambayar hukuma wani abu, wannan za ku tambaya: ina rumbun kayan gyara, su wa aka horar, nawa aka ware wa gyara a kasafin bana.

Yanzu ka ba ni aron kunnenka, don abin da zan faɗa shi ne ya sa na zaɓi wasiƙarka cikin sauran. Maganar nan ta “tsoho ne” tana kisa, amma ba na cikin tarago take kashewa ba. Na ƙasa take kashewa. Bakin da ke cewa jirgin gwanjo ne zai fashe, shi ne kuma in ya zo tsallaka layi yake cewa “wannan tsohon, kafin ya iso na sha shayi.” Kullum sai na ji ta, daga bakin mai baro, daga ɗan acaɓa, daga direban tifa, har daga mai sanye da kwat. Kuma na san inda ta samo asali. Mutanen Agege da Oshodi da Mushin sun tashi suna ganin jirgin tsohon siririn layi, na Iddo zuwa Ijoko, yana rarrafe, samari a kan rufinsa, wasu na lilo a ƙofa. Mai tumatir ta shimfiɗa buhunta a tsakiyar layi, in ta ji oda ta ɗaga tire ɗinta ta ja baya taki biyu, jirgi ya wuce yana shafar bakin zaninta, ta mayar da tiren kafin ƙura ta kwanta. Shekara da shekaru aka yi haka, har jiki ya haddace cewa jirgi abu ne mai jira. Wancan rarrafen ba tsufan inji ne ya jawo shi ba. Layin ne ya lalace, aka ƙayyade wa direba gudu. Yanzu an shimfiɗa sabon layi mai faɗin milimita 1,435 a gefen tsohon mai 1,067, wanda aka buɗe zuwa Ibadan a watan Yuni na 2021, an kuma tsara shi don gudun da ya kai kilomita 150. A cikin gari ba a kai haka, amma abin da ake yi ya ninka na da. Layi ya canja, jikin mutane bai canja ba.

Mu yi lissafi irin na makanikai. Jirgin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. In ka hango shi a nisan mita 200, saura daƙiƙa 9 ya iso inda kake. Direban kuwa, ko a take ya ja birkin gaggawa, yana buƙatar wajen mita 300 kafin ya tsaya, don ƙafar ƙarfe ce a kan layin ƙarfe, inda suke taɓa juna bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, ba irin riƙon da tayar roba ke yi wa kwalta. In an yi yayyafi ko mai ya zuba a layi, tazarar ta ƙaru. In gudu ya ninka biyu, tazarar ta ninka huɗu. Kai ɗaya na wannan ƙirar tan 70 ne, kowane tarago ya haura tan 30, ka haɗa ka gani. Kuma ba shi da sitiyari. Direban yana ganinka sarai, yana danna oda, ya riga ya yi duk abin da ɗan Adam zai iya, abin da ya rage masa kawai ya kalle ka. Na zauna da direbobin da hakan ta faru da su. Wasu ba su sake barcin kirki ba.

Ido ma yaudararka yake. Babban abu in yana tunkaro ka kai tsaye, gani kake kamar a hankali yake tafe, sai ya zo daf sannan ya cika maka ido lokaci guda. Kunne kuma ya daina zama abin dogaro. Sabon layi a kan kankare yake zaune daram, ba ya irin ƙarar kwaram-kwaram da ta saba yi wa mutane gargaɗi, injin MTU kuma bai kai na da ihu ba. Ga hayaniyar kasuwa, ga janareta, ga yaro ya toshe kunnuwa biyu da iyafis yana tafiya a tsakiyar layi don nan ne babu taɓo. Sannan layi ba ɗaya ba ne yanzu. Mutum ya jira wannan ya wuce, wutsiyarsa na gittawa ya zabura, ashe wani na tafe ta ɗaya gefen, na farkon ya kare masa gani ya kuma danne ƙararsa. Wanda ya tsaya a gefe ma yana ganin ya tsira tun da ƙafarsa ba ta kan ƙarfe, ya manta jikin jirgi ya zarce layin da fiye da rabin mita ta kowane ɓangare.

Ranar 9 ga Maris 2023, da safe, motar bas ta ma’aikatan gwamnatin jihar Legas ta shiga mahaɗar PWD kusa da Ikeja jirgi na tafe. Hukumomi sun ce masu tuta sun tsayar da motoci, direban ya ƙi tsayawa. Jirgin ya ja bas ɗin a gabansa, mutum 6 suka rasu a ranar, da dama suka jikkata. Jirgin da ya yi wannan ba wani mai gudun walƙiya ba ne, irin wanda ake rainawa ne. Ba wanda ya turo wa Hajiya murya a kan wannan.

Sai ’yan uwan mai muryar, masu cewa wai layin dogo yana da maganaɗisu da ke kashe injin mota in jirgi ya kusa. Kai makaniki ne, don Allah ka taya ni kashe wannan ƙaryar a garejinku. Babu wani maganaɗisu. Direba ne ya hau mahaɗa mai gargada da babbar giya, ya hango fitila, ya firgita, ya saki kulochi, mota ta mutu, hannu na rawa ya kasa tayarwa. Ko doguwar tirela mai ƙasa-ƙasa cikinta ya dafe a kan tudun layin. Illar ƙaryar ita ce tana sa mutum ya ɗauka abin ƙaddara ce daga ƙarfe, ba daga ƙafarsa ba, sai ya ƙi gyara tuƙinsa. In mota ta mutu a kan layi, ba a tsayawa murɗa makulli, ba a komawa ɗauko waya. Kowa ya fita, a gudu nesa da layin, ta ɓangaren da jirgin ke tahowa, don tarkacen gaba yake watsuwa. Masu taƙama da maganin ƙarfe kuma, ban san abin da aka ba su suka sha ba, amma ban taɓa ganin wanda ya gwada shi da tan 70 ya dawo ya ba da labari ba. Kuma kada wanda ya ce mini “in kwana ya ƙare.” Kwana na hannun Allah, gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma bai ba kowa izinin ɗora wa direban jirgi nauyin gawarsa ba. An kashe kuɗi an gina gadoji a Pen Cinema da Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo don a raba mota da jirgi, sai ka ga an fasa katangar layi an yi ’yar hanya saboda hawa bene wahala ne. Limamanmu na Agege da sarakunan Hausawa, in suka ba wannan minti biyar bayan sallar Juma’a, sun yi aikin da ya fi allon gargaɗi ɗari.

Saboda haka tambayar da za ku yi wa yarinyar ba wace shekara aka ƙera kan jirgin ba ce. Ku tambaye ta ta ina take bi daga gida zuwa tasha, ta ina take fita in ta sauka a Yaba. In akwai inda take taka layi da ƙafa don yanke, ta daina daga yau, ta bi gada ko da za ta makara. Ta cire iyafis tun kafin ta kusanci tasha, ta tsaya bayan layin da aka ja a dandamali har jirgi ya tsaya cak, kada ta bi shi da gudu in ya ɗaga. In hayaƙi na damun ƙirjinta, ta nemi taragon tsakiya, tun da irin wannan jirgi kai biyu gare shi, gaba da baya, kada kuma ta tsaya jira daidai inda kan yake tsayawa. Mai muryar kuma, in Hajiya ta san wanda ya turo mata, ta tambaye shi a wane loko ya yi aiki.